Darasin Sana'a: Aikin Ɗab'i da Abin da Iyaye Za Su Sani Kafin Su Ba da Yaro

Darasin wannan fitowa a kan sana'ar ɗab'i ne, wato aikin buga littattafai da takardu. Muna roƙon shugabannin Zumuntar Mata da na matasa da masu bishara su karanta shi a taronsu, su kuma fara da karanta Irmiya sura 36 daga farko har ƙarshe, domin a can za mu soma.

Idan ka shiga majami'arku ranar Lahadi, dubi abin da ke hannun mutane. Ga Littafi Mai Tsarki, ga littafin waƙoƙi, ga ambulan na baiko, ga katin baftisma a aljihun wani, ga kalanda a bango, ga littafin rasit a gaban ma'aji. Babu ɗaya cikinsu da aka yi a ƙauye. Kowanne ya bi ta hannun mutum biyar ko shida a wani gari, kuma da shi suke ciyar da iyalinsu. Amma duk shekara bayan girbi, sa'ad da iyaye suka zo ofishinmu neman shawara a kan yaran da suka gama sakandare, abin da muke ji shi ne ɗinki, kanikanci, walda, acaɓa, wasu ma ramin haƙar ma'adinai. Da wuya ka ji an ambaci ɗab'i. Sana'a ce mai kyau, tana da abinci a ciki, amma tana da ƙofofi da yawa, kuma ba kowace ƙofa ce ke kai yaro inda iyayensa suke zato ba.

Baruk, mutumin da ya riƙe alƙalami

A shekara ta 4 ta sarautar Yehoyakim sarkin Yahuza, Ubangiji ya umarci annabi Irmiya ya rubuta dukan maganar da ya faɗa masa a littafi. Irmiya bai ɗauki alƙalami da kansa ba. Ya kira Baruk ɗan Neriya, wanda rubutu ne sana'arsa. Irmiya yana faɗa, Baruk yana rubutawa da tawada. Da yake an hana Irmiya shiga Haikali, Baruk ne ya je ya karanta wa jama'a a ranar azumi. Labari ya kai fada, aka kawo littafin gaban sarki yana zaune kusa da kaskon wuta a lokacin sanyi. Duk sa'ad da aka karanta sashe uku ko huɗu, sai sarki ya yanke da wuƙa ya jefa a wuta, har littafin ya ƙare. Ya kuma ba da umarni a kama Irmiya da Baruk, amma Ubangiji ya ɓoye su.

Ku lura da abin da ya biyo baya. Baruk ya ɗauki sabon littafi ya sāke rubuta kome daga farko, har da ƙari. Aikin watanni ya ƙone cikin sa'a guda, ya zauna ya sāke. A sura 45 mun ga ya gaji, yana kuka da wahalarsa, kuma Allah ya aiko masa da magana ta musamman ta bakin Irmiya. Wannan ya nuna mana Allah yana kula da mai aikin hannu da ke bayan annabi. Haka kuma a Romawa 16:22, mutumin da Bulus ya shibta wa wasiƙar ya sa sunansa, Tartiyas, ya gai da 'yan'uwa. Mai wa'azi shi ake gani a bagade, amma maganar ba ta isa ga jikoki sai wani ya zauna ya sa ta a takarda daidai, ba ragi ba kuskure. Mai ɗab'i na yau magajin Baruk ne. Bambancin kawai shi ne littafin Baruk guda ɗaya ne, shi ya sa sarki ya iya ƙone shi. Mai ɗab'i yana fitar da dubu a yini.

Yadda sana'ar ta zo mana

Wajen shekarar 1450 wani maƙerin zinariya mai suna Johannes Gutenberg, a garin Mainz na ƙasar Jamus, ya ƙera haruffa na ƙarfe waɗanda ake jerawa a buga shafi, a wargaza, a sāke jerawa. Babban aikin da ya fitar wajen 1455 shi ne Littafi Mai Tsarki da harshen Latin, kofi wajen 180. A ƙasarmu ma mishan ne suka kawo injin. Ta farko ita ce maɗaba'ar Hope Waddell a Kalaba a 1846. Henry Townsend ya kafa tasa a Abeokuta a 1854, daga can jaridar Iwe Irohin ta fara fita a 1859. A nan Arewa, A. W. Banfield, wanda ya fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Nufanci, ya kafa Niger Press a Shonga wajen 1910. Daga baya ta koma hannun SIM, ta zauna a Jos, ta buga littattafan koyon karatu da na ibada cikin harsuna da dama. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya ya ba da shekaru masu yawa a kansa. A 1939 jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Zariya da Abubakar Imam a matsayin edita, a 1945 kuma aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur, inda 'yan Arewa da yawa suka koyi aikin ɗab'i.

A zamanin waɗancan maɗaba'u, ma'aikacin da ake ji da shi shi ne mai jera haruffa. Yana tsaye gaban akwati mai ramuka, yana tsintar haruffan dalma ɗaya ɗaya, yana jera su a juye, daga baya kuma aka sami injin Linotype mai zuba layi guda a lokaci ɗaya. Mutum yakan yi shekaru kafin ya gwanance. Da kwamfuta ta shigo, wannan aiki ya mutu gaba ɗaya. Bayansa masu ɗaukar fim da manna shi a kan tebur mai fitila su ma aikinsu ya ja baya, domin yanzu akwai injin da ke ɗaukar aiki daga kwamfuta ya zana shi kai tsaye a kan faranti. Na kawo wannan tarihi ne don dalili ɗaya. Ɗab'i bai mutu ba, amma a cikinsa wasu ayyuka sukan mutu wasu su tsiro. Uban da ya ba da ɗansa ga maigidan da ke riƙe da aikin da ke mutuwa, yaron zai yi shekara uku yana koyon abin da ba mai nema.

Abin da ke cikin maɗaba'a

A yawancin garuruwanmu ba shago ɗaya ke yin kome ba. Masu ɗab'i sukan taru a unguwa ɗaya, kamar yadda Shomolu ta shahara a Legas, kowa da abin da ya riƙe, aiki yana yawo daga wannan ƙofa zuwa waccan a kan ɗan koyo.

Aiki yana farawa a wurin mai zane, wanda ke zaune gaban kwamfuta yana tsara rubutu da hotuna. Da yawa a nan ƙasar suna amfani da CorelDraw. Wannan sashe yana son wanda ya iya karatu da rubutu sosai, mai ido, mai haƙuri da masu kawo aiki, domin kowa yakan ce a ƙara girman hotonsa. Shi ne sashen da jarinsa ya fi sauƙi, kwamfuta ɗaya ta isa a fara. Shi ne kuma sashen da ya fi cika da mutane, gama yanzu yara da yawa suna zane a wayar hannu.

Daga nan sai faranti, wanda masu sana'ar ke kira filet. Siririn ƙarfen alminiyom ne da ake zana shafin a kansa. Babban injin da ake kira ofset yana aiki ne da abin da kowace mace ta sani a madafa, wato ruwa da mai ba sa haɗuwa. Inda akwai rubutu a kan faranti yana kama tawada mai maiƙo, inda babu rubutu yana kama ruwa. Tawadar tana sauka a kan bargon roba, daga robar ta sauka a takarda. Hoto mai launi kuwa da tawada huɗu ake yin sa: shuɗi, ja, rawaya da baƙi, kowanne da farantinsa. A injin mai kai ɗaya, irin tsohon Kord na kamfanin Heidelberg da ya cika shagunanmu, takarda ɗaya sai ta bi ta cikin inji sau huɗu, ana wanke inji tsakanin launi da launi. In launi ɗaya ya goce ko da kaurin gashi ne, fuskar amarya ta zama biyu, aiki ya lalace.

Saboda haka mai tuƙa inji shi ne ƙashin bayan shago. Shi ya san yawan ruwa da tawada, ya san yadda takarda ke shan laima da damina ta kumbura, da yadda take bushewa ta lanƙwashe da hunturu, yana jin ƙarar inji ya gane wani abu ya kwance tun bai karye ba. Yawancin injunan tsofaffi ne da aka sayo daga Turai bayan an gama cin moriyarsu, don haka mai tuƙin da ya iya ɗan gyara ya fi daraja ninki biyu. Wasu albashi ake biyan su, wasu bisa yawan takardar da suka buga. Gwani ba ya rasa aiki, masu shago su ke zawarcinsa. Amma aiki ne na tsayuwa, sau da yawa na kwana, kuma ba a zama gwani a wata shida, kome abin da wani zai gaya muku.

Sashe na ƙarshe shi ne kammalawa: yankan takarda, ninkewa, jera shafuffuka, ɗinki, manna bango, sa lamba a littafin rasit, lulluɓe kati da leda. Mutane suna rena shi, ni kuwa a ganina shi ne ƙofar da ta fi dacewa da yawancin 'ya'yanmu na ƙauye, musamman 'yan mata. Mata da yawa suna wannan aiki. Ba ya bukatar babban inji, wani ɓangarensa ma ba ya bukatar wuta. Wadda ta iya ɗaure littafi za ta iya komawa gida ta riƙa gyara Littattafai Masu Tsarki da littattafan waƙoƙi da suka yage, da rajistar makaranta da ta asibiti. Ku duba akwatin majami'arku ku ƙirga littattafan da bangonsu ya fita.

Ban da waɗannan akwai injin dijital mai bugawa kai tsaye daga kwamfuta ba faranti, wanda ya ƙwace ƙananan ayyuka kamar katin biki guda 100. Akwai mai buga manyan tutocin roba na taro da na siyasa. Akwai kuma bugu a kan riga da jaka ta hanyar matsa tawada a kan raga, wanda ake yi da hannu, shi ne ke fitar da rigunan matasa da na mawaƙa.

Lissafi shi ne rabin sana'ar

Da yawa sun iya inji amma shagonsu ya rufe, domin ba su iya lissafi ba. Bari mu gwada da misali. Gunduma tana son ɗan littafin taro mai shafi 32, girman rabin takardar A4, kofi 500. Takardar A4 ɗaya in an ninke ta biyu tana ba da shafi 4, don haka kowane kofi yana cin takarda 8. Kofi 500 sau 8 ya zama takarda 4,000. Rim ɗaya takarda 500 ne, ke nan rim 8. Amma mai hankali ba zai sayi rim 8 cif ba, gama akwai waɗanda za su lalace kafin inji ya daidaita. Sa'an nan ga kwalin bango, ga faranti, ga tawada, ga man janareto, ga ladan masu ninki, ga kuɗin mota. Wanda ya manta da abu ɗaya cikin waɗannan, daga aljihunsa zai biya. Wannan ne kuma dalilin da mai ɗab'i zai ce muku shafi 30 ba zai yiwu ba, sai 28 ko 32. Ba wayo yake yi muku ba, shafuffuka huɗu huɗu suke tafiya.

Takarda ce ke cin mafi yawan kuɗin aiki, kuma kusan dukanta daga waje ake shigo da ita. Gwamnati ta gina masana'antun takarda a Jebba da Oku Iboku da Iwopin, amma ba su riƙe ƙasar ba. Don haka duk lokacin da Naira ta fāɗi, kamar yadda ta yi sosai daga tsakiyar 2023, farashin takarda yakan tashi, wanda ya karɓi aiki a tsohon farashi ya shiga uku. Ga kuma rashin wutar lantarki. Ga shi sana'ar tana da kaka da rani kamar noma. Lokacin zaɓe, da komawar yara makaranta, da ƙarshen shekara sa'ad da ake kalanda da bukukuwa, ba a barci. Bayan haka sai a yi makonni ana zaune ana kallon hanya. Wanda bai cika rumbu a lokacin aiki ba, zai sayar da kayan aikinsa a lokacin zama. Wannan darasi 'ya'yan manoma sun riga sun san shi daga gida, in dai ba su manta da shi a birni ba.

Hanyar shiga, da maganar takarda

Hanya biyu ce. Akwai ta makaranta: ana koyar da fasahar ɗab'i a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da ta Yaba a Legas, mai difloma kuma yana iya samun aiki a manyan kamfanoni masu buga littattafai da kwalayen kaya. Tun 2007 akwai dokar da ta kafa ƙungiyar ƙwararrun masu ɗab'i ta ƙasa, wadda ake kira CIPPON. Amma yawancin masu sana'ar ta hanya ta biyu suka shiga, wato zama a hannun maigida shekara biyu ko uku ko fiye. Wanda ya koya ta wannan hanya yana iya zama jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ya sami takardar shaida, ina kuma ba da shawara a yi haka.

A nan ne iyaye suke yawan yin sakaci. Wani ɗan garinmu da ke birni ya zo Kirsimati da mota, ya ce a ba shi yaro, sai a ɗaura wa yaro kaya a yi addu'a, shi ke nan. Ba a tambayi shekara nawa ba, ba a tambayi me za a koya masa ba, ina zai kwana, wa zai biya in ya yi ciwo. A zagayenmu mun sadu da saurayin da ya yi shekara huɗu a wani shago yana shara, yana ɗaukar takarda a ka, yana ɗebo wa matar maigida ruwa, bai taɓa ɗaura faranti a inji da hannunsa ba. Da ya tambayi maganar yaye sai aka ce ya yi rashin kunya, aka kore shi. Iyayensa ba su da abin riƙewa, gama da baki aka yi kome.

Ku buɗe Irmiya sura 32. Sa'ad da Irmiya ya sayi gona a Anatot daga hannun Hanamel, ɗan'uwansa ne na jini, kuma Allah ne ya umarta a yi cinikin. Duk da haka ya auna azurfa shekel 17, ya rubuta takarda, ya kira shaidu suka sa hannu, aka yi kofi biyu, ɗaya a rufe da hatimi ɗaya a buɗe, ya ba Baruk ɗin nan ya ajiye a tukunyar ƙasa don su daɗe. In annabi bai ga rubuta takarda da ɗan'uwansa rashin bangaskiya ba ne, mu ma kada mu ji nauyi. Dokar ƙwadago ta Nijeriya ma ta ce yarjejeniyar koyon sana'a ta zama a rubuce, kada kuma ta wuce shekara 5.

Takardar ta faɗi ranar farawa da ranar yaye. Ta faɗi sashen da za a koya wa yaro da sunansa, kada a rubuta "ɗab'i" kawai. Ta faɗi kuɗin koyo da yadda za a biya, wurin kwana da abinci, wanda zai ɗauki nauyin asibiti in inji ya ji masa rauni, da cewa za a bar shi ya je sujada ranar Lahadi. Wannan na ƙarshe kada a bari sai daga baya, gama a lokacin zaɓe da Disamba inji ba ya sanin Lahadi. Kafin a sa hannu, uba ko kawu ya je ya ga shagon da idonsa. Inji yana tafiya ko ƙura ta rufe shi? Yara nawa maigidan ya taɓa yayewa, suna ina yanzu? In ya kasa nuna ko ɗaya, amsa ta fito. Maigida Kirista ne ko Musulmi, ba shi ne tambayar farko ba. Akwai Musulmi masu riƙon amana da suka yaye 'ya'yanmu da kyau, akwai kuma masu zuwa majami'a da suka mai da yara bayi. A nemi shaidar maƙwabtansa.

Ina roƙo kuma kada a cire yaro daga makaranta don wannan. Mai ɗab'in da bai iya karatu ba zai buga kuskure dubu bai sani ba. A bar shi ya gama sakandare tukuna.

Haɗari ga jiki, haɗari ga lamiri

Injin yankan takarda yana raba rim guda kamar an yanka kabewa, ba ya bambanta takarda da yatsa. Na zamani sai an danna da hannu biyu kafin wuƙa ta sauka, amma wasu sukan cire wannan kariya don sauri. Nadin inji yakan kama tsumma ko hannun riga ya ja hannu. Ana wanke tawada da fetur ko kananzir a ɗaki mara taga, ga takarda jibge, ga janareto a bakin ƙofa. Hayaƙin janareto yana kashe mai barci ba tare da ya farka ba, yaran koyo kuwa su ne ake bari su kwana a shago. Ku gaya wa ɗanku kada ya taɓa goge inji yana tafiya, kada ya ci abinci da tawada a hannu, kada ya kwana a rufaffen ɗaki da janareto a kunne, ko wa ya ce masa ya yi.

Haɗari na biyu ba ya fitar da jini. Wanda ya iya buga rasit na gaskiya ya iya buga na jabu. Za a zo masa da takardar shaidar makaranta, da kwalin magani, da littafin wani a ce ya kwafa a sayar da araha, kuma kuɗin irin wannan aiki ya fi na halal yawa. Kwalin maganin jabu da aka buga da kyau shi ne ke sa uwa ta saya wa ɗanta alli a maimakon maganin zazzaɓi. Satar littafi laifi ne a ƙarƙashin dokar haƙƙin mallaka ta 2022, ko da littafin na ibada ne. Akwai kuma takardun zuga da ake bugawa da dare a watsa lokacin rikici, mu da muka ga abin da rikici ya yi wa garuruwanmu ba ma bukatar a yi mana bayani. Ƙaramin zamba kuma shi ne a karɓi kuɗin kofi 1,000 a kawo 900, ko a yi ciniki a kan takarda mai nauyin giram 80 a buga a mai 60. Karin Magana 11:1 ta yi magana a kan ma'aunin algus, rim da giram su ne mudun mai ɗab'i. Yaron da zai shiga wannan sana'a ya kamata a zauna da shi a kan waɗannan abubuwa tun yana gida, ya san abin da zai ce ranar da maigida da kansa ya miƙo masa irin wannan aiki.

Mu ma masu kai aiki

Akwai magana mai ɗaci da masu ɗab'i ke yi, cewa bashin ikkilisiya ya fi na ɗan siyasa wuyar karɓa. Kwamiti yakan kai aiki ranar Laraba yana so ranar Juma'a, ya ce aikin Allah ne a yi ragi, a karɓi kaya, sa'an nan a ce sai bayan taro. Taro ya wuce, ma'aji ya ce sai kwamiti ya zauna. Mai shago kuwa ya riga ya biya takarda da kuɗinsa, yaransa suna jiran lada. Yakubu 5:4 ta ce ladan ma'aikata da aka danne yana kuka, kukan kuma yana kaiwa kunnen Ubangiji. A ba da kafin alƙalami da zai sayi takarda, a cika saura ranar karɓa. A kuma nemi kofi na gwaji, mutum biyu su karanta a hankali kafin a ce a buga, musamman sunaye da kwanan wata da ayoyi. In da Hausa ne, a dubi haruffa masu lanƙwasa, gama kwamfutoci da yawa sukan zubar da su, sai ƙasa ta koma kasa, ɓata ta koma bata. Kuskuren da kuka sa hannu a kansa naku ne, ba na mai inji ba.

Bayan yaye

Kada iyali su sayar da gona ko shanu don saya wa sabon yayayye babban inji. Injin ofset yana son aiki kullum da wuta da makaniki a kusa, ƙauye ba shi da ko ɗaya cikin ukun. Abin da muka ga yana tafiya shi ne yaro ya yi shekara biyu ko uku yana aiki a hannun wani, yana adashe, yana sanin masu sayar da takarda. Sa'an nan ya buɗe ƙaramin shago a hedkwatar ƙaramar hukuma ko garin da ke da kasuwa da makarantu, da kwamfuta da injin kwafi da kayan ɗaure littafi, in da hali da sola. Ƙananan ayyuka ya yi da kansa, manya ya karɓa ya kai birni wurin tsohon maigidansa ya ci riba a tsakani. Shi ya sa rabuwa da maigida cikin mutunci take da amfani.

Ga ikkilisiyoyin da ke da yara a koyo yanzu, muna ba da shawara dattawa su rubuta sunayensu da garin da suke, a ajiye kofi ɗaya na kowace yarjejeniya a hannun magatakarda, a kuma rubuta wa faston majami'ar da ke kusa da shagon wasiƙa don ya san da yaron. Bayan wata uku wani dattijo ya kai ziyara ba tare da sanarwa ba. Ya gai da maigida, ya ga inda yaron ke kwana, sa'an nan ya ce wa yaron ya nuna masa abu ɗaya da ya yi da hannunsa daga farko har ƙarshe.